Ƙodar Wani Mutum

A unguwarmu a Gwandu, in ana son a yabi dattakun mahaifina, abu ɗaya ake fara faɗa: ba a taɓa ganin ya sha ruwa a gaban mutane ba. Wasu da ilimi ake yabonsu, wasu da kyauta, shi kuwa Baba da ƙishirwa ya yi suna. Zai hau kekensa da safe ya tafi gonarsa ta wajen Dalijan a tsakiyar bazara, a wuni ana sharar gona, 'yan ƙwadago suna ta kai gora baki, shi yana tsaye yana lasar leɓe. Sai ya dawo gida ya shiga turaka ya saki labule, sannan ya ɗan kurɓa. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa. Wanda ya sha ruwa zai nemi inda zai zagaya, dattijo kuwa ba ya tashi daga cikin taro ya tambayi ina makewayi yake. Shi ya sa ya tare matsalar tun daga bakin randa.

Ni ce 'yar farinsa, duk wanda ya tashi a irin gidajenmu kuwa ya san abin da hakan ke nufi. Bai taɓa kiran sunana ba. Goggo, yayarsa, ita ta raine ni a gidanta da ke bayan namu. In dole ta kama ya yi zancena, sai ya ce "ɗiyar Goggo", kamar a hanya aka tsinto ni. Ban ji haushi ba ina yarinya. Na san yana sona, don duk ranar kasuwa akwai rake da yake isowa gidan Goggo, kuma har na girma ba a gano wanda ke aikowa ba.

Da na gama makarantar horon malamai na auri ɗan Kalgo. Danginsa masunta ne da manoman shinkafa a fadama, mutanen da in ƙishirwa ta kama su sai su sunkuya su sha su ci gaba da hirarsu. Shi mijina aikin asibiti ya karanta. Kullum zai hau babur daga Kalgo ya tafi Birnin Kebbi, ya shiga ɗakin awo, inda ake auna jini da fitsari da sauran abubuwan da ba a ambata a gaban abinci. Baba bai hana auren ba. Abin da ya ce wa Goggo kawai shi ne, "Ashe har albashi aka ba mutum don shi duba bawalin jama'a?"

Goggo ta ce, "Kai da ka ɓoyon naka, nawa anka ba ka?"

Tsakaninsa da mijina kuwa sai kunya irin ta surukai, wadda Baba ya ƙara wa gishiri. Mijina zai cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya yi gaisuwa idonsa a ƙasa. Baba zai amsa yana kallon bango. Haka suka yi shekaru, kowa yana girmama kowa, ba wanda ya san kalar idon ɗan'uwansa.

Wajen tsakiyar shekarun tamanin mahaifin mijina ya rasu, cikin tsananin zafi. Baba ya zo Kalgo ta'aziyya. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, aka kawo ruwan randa mai sanyi a kwanon sha, aka kawo fura. Tun hantsi har la'asar yana zaune, kwanon yana nan yadda aka ajiye shi. Ko a alwala ma na ga yadda ya kurkure baki ya tofar da sauri, kada a ce ya haɗiya. Mutanen Kalgo suka yi ta mamaki, tsofaffinsu suna cewa lallai an auro 'yar gidan mutunci. Ni kuma, ba zan ɓoye ba, kaina ya yi girma a ranar.

Mijina ne bai shiga yabon ba. Tunda al'ada ta hana shi kallon fuskar Baba, ƙafafunsa kawai ya wuni yana kallo, su ne iyakar abin da aka halatta masa. Da baƙi suka watse ya ce mini ƙafafun nan a kumbure suke, har igiyar takalmi ta bar shaida a kansu, kuma duk sanda Baba zai tashi sai ya dafe ƙugunsa ta gefe. Ya ce yana tsoron ƙoda ce. Ya ce ba a gane ta da ido, sai an auna fitsari, an auna jini, kuma in aka kama ta da wuri ana iya lallaɓa ta shekaru masu yawa. Ya kawo wata 'yar kwalba mai murfi, wankakkiya, ya ba ni. Na dube shi, na dubi kwalbar. Na ce, "Wa kake so ya kai masa? Ni?"

Goggo na kai wa. Ita ta tsare Inna, mahaifiyata, a madafa, sai ga zance ya fito. Ashe Baba ya daɗe yana fama da ciwon baya. In ya motsa masa sai ya sa a jiƙa masa jar kanwa ya sha, ya bi da ƙwayar ciwon jiki da yake saya wurin masu tallar magani ranar kasuwa, kamar mai cin gyaɗa. Wani lokaci har jini Inna takan gani a makewayi, ta zuba ruwa ta yi shiru, don ita ma ba ta san ta inda za ta fara ba.

Goggo kuwa ba ta da matsalar ta inda za a fara. Ta shiga turakarsa ta dangwarar da kwalbar a gabansa. Ni ina tsakar gida, ina jin komai ta taga.

"Mi na na wanga?"

"Kwalba ta. Bawali za ka yi ciki, a kai ma surukinka shi auna."

Can ya ce, "Yaya, a bar kaza cikin gashinta."

Ta ce, "Kazar ta ka mutuwa cikin gashin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ta fito ta bar masa kwalbar a nan. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, sai ga Goggo ta sauka daga mota a Birnin Kebbi da kwando a ka. Mijina ya ba ni labarin yadda ta shiga ɗakin awo ta sauke. A cikin kwandon akwai zane, a cikin zanen akwai tsumma, a cikin tsumman akwai ganye irin na ƙunshin goro, a cikin ganyen kwalba. Ta miƙa masa ta ce, "Na wani mutum na. Baƙo na, ba ka san shi ba."

Mijina ya karɓa da hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya ce, "Allah Shi ba wani mutum lahiya."

Daga ranar aka haifi wani mutum a danginmu, kuma ya zauna da mu shekaru. Awo ya nuna jini a fitsarinsa, ya kuma nuna ƙoda tana zubar da abin da ya kamata ta riƙe. Likita ya ce sai ya ga mai shi, don ba a ƙunso hannu a ganye a kawo awon hawan jini. Aka yi ta shawara har aka sami mafita. Mijina ya ɗauki hutun kwana ɗaya ya zauna a Kalgo, Goggo ta tabbatar wa Baba ko inuwarsa ba ta cikin Birnin Kebbi, sannan ya yarda ya je. Likitan baƙo ne, yaro, Hausarsa ta asibiti ce. Ya dubi Baba ido cikin ido ya tambaye shi sau nawa yake fitsari a rana. Baba ya ɗaga kai yana nazarin silin. Goggo ce ta amsa duka tambayoyin, wasu ma ta ƙara da nata.

Aka samu jininsa ya hau, akwai tsakuwa a ƙoda, ƙodar kuma ta fara gajiya. Abin da aka ce ya yi ba mai tsada ba ne. Ya riƙa shan ruwa sosai, kada ya jira ƙishirwa, kada ya riƙe fitsari. Ya rage gishiri da dunƙule, ya bar kanwa, ya rage nama da kilishi da busasshen kifi mai gishiri. Ya rabu da ƙwayar 'yan kasuwa, don ita ma cin ƙoda take yi. Ya sha maganin hawan jini kullum, ya riƙa dawowa ana auna jininsa da fitsarinsa a ga inda aka kwana. Baba ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya ce in sha Allahu za a gaya wa mai shi.

In za a faɗi gaskiya, wani mutum ya yi ƙoƙari. Inna ta sayi ƙaramar tukunya ta musamman, tana yi masa miyar kuka ba gishiri ba kanwa, daddawa kaɗan. Aka kai randa turaka, yana sha in ba kowa. Duk bayan 'yan watanni Goggo za ta ɗauki kwandonta ta tafi Birnin Kebbi, in kuma jini za a ɗiba, mijina ya ɗauki hutu. Saƙo yana tafiya daga mijina zuwa gare ni, daga ni zuwa Goggo, daga Goggo zuwa bangon turaka. Kumburin ya sauka, ciwon baya ya lafa. Mijina ya dawo wata rana yana murna, ya ce awon wannan karon ya fi na baya kyau. Na yi sadakar waina a ranar.

Ciyayya ce ta ɓata mana lissafi. A ƙofar gidanmu, bayan magariba, Baba da sa'o'insa na unguwa sukan zauna a zaure, kowa a fito da tuwon gidansa, a haɗa akusa a ci tare. Al'ada ce tun kafin a haife ni, kuma nan ne kaɗai Baba yake cin abinci a gaban wani, su ma don tare aka yi musu kaciya. Ranar farko da Inna ta fitar da miyar ƙaramar tukunya, wani tsohon tela a cikinsu ya kai loma ɗaya ya tsaya. Ya ce, "Malam, gishiri ya ƙare gidanga, ko uwargida ta ka hushi?" Aka yi dariya. Washegari maƙwabci ya aiko wa Inna da gishiri a kwano, da zuciya ɗaya, taimako.

Kalma ɗaya za ta warware komai: likita ya hana. Amma in ya ce likita, za a ce me ya same ka, in ya ce ƙoda, za a ce ta yaya aka gane, daga nan kuwa hanya ta miƙe sai kwalba, sai suruki. Don haka aka koma fitar da miyar babbar tukunya. Wani mutum yana cin lami da rana a turaka, Baba yana cin gishiri da kanwa da dunƙule na gida biyar da daddare a zaure, har da kilishi in wani ya dawo daga tafiya. Mutum biyu ne, kowa da tsarinsa, sai dai ƙoda ɗaya suke amfani da ita.

Abokan nasa ba mugaye ba ne. Da suka ga yana ramewa a fuska yana kumbura a ƙafa, kowa ya kawo abin da ya sani. Wannan ya kawo kanwa ungurnu, wancan ya kawo saiwa, wani ya kawo sabuwar ƙwaya da ya ce ta tashi wani gurgu a Maruda. Baba ba ya mayar da hannun kyauta baya, kuma ba ya karɓar magani ya ƙi sha a gaban wanda ya kawo. Ruwa ne kawai ba ya sha a gabansu.

Azumi a shekarun nan cikin zafi yake faɗowa. Likita ya aiko cewa mai irin wannan ciwo ya ajiye. Baba ya fi likitan sanin hukuncin, don shi ake tambaya a unguwa, kuma na sha jin yana gaya wa marasa lafiya cewa Allah Ya yi musu sauƙi, kada su ƙuntata wa kansu. Da Goggo ta kai masa saƙon sai ya ce ƙwarai, wani mutum yana da uzuri, ya sha abinsa. Shi kuwa ya ɗauki azuminsa cif, har da tafiya gona.

A nan haƙurina ya ƙare. Na bar yara a Kalgo na hau mota zuwa Gwandu, raina a ɓace. Na tarar yana turaka, Goggo na bakin ƙofa tana tsinkar zogale. Na tsaya a bayan labule, abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga murya yadda ko kurma zai ji.

"Goggo, ki hwaɗa ma wani mutum yana da jikoki. Ki ce mashi mutanen zaure ba su za su yi maraici ba."

Goggo ba ta ko ɗaga kai ba. Daga ciki aka yi gyaran murya, aka ce, "Yaya, ki ce mata wani mutum ya jiya."

Shi ke nan. Na koma Kalgo ina kuka a mota, rabi don haushi, rabi don wannan ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi da ubana. Bayan kwana biyu sai ga rake ya iso gidana, ba a san wanda ya aiko ba.

Awo ya ci gaba da zuwa, kowane ya fi na baya muni. Mijina ya daina murna. Ya ce mini da a ce Baba baƙo ne da gaske, da ya je har gida ya zaunar da shi ya yi masa faɗa kamar yadda yake yi wa kowa. Na ce to ka je mana. Ya dube ni, na dube shi, muka bar zancen. Shi ma ɗan mutane ne.

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba jikin ya rikice gaba ɗaya. Amai, kumburi har fuska, numfashi da ƙyar, fitsarin ma da ya yi shekaru yana ɓoyo ya kusa ɗaukewa. Wannan karon ba a tambayi ra'ayinsa ba, aka sa shi a mota. Ba a kuma yi zancen hutu ba, mijina da kansa ya ɗaure masa hannu ya ɗebi jini, Baba yana kallon bango, shi yana kallon allura. Wankin ƙoda a lokacin labarinsa kawai muke ji, ana cewa akwai a can wasu garuruwa masu nisa. Likita ya kira ni da mijina gefe ya ce abin ya yi nisa, kwanaki ne suka rage, sai dai a rage masa wahala. Sannan ya kafa doka. Tunda ƙoda ta daina fitar da ruwa, duk abin da ya sha a jiki zai tsaya, don haka a taƙaita masa ruwa, ɗan kaɗan a rana, a murfin fulas.

Na yi dariya a barandar asibitin nan, irin dariyar da ta fi kuka ciwo. Shekaru muna aika masa saƙo ta hannu uku cewa ya sha ruwa. Yanzu kuma mu ne za mu tsare randa.

Wata rana bayan azahar, zafi kamar a tanda, wutar lantarki ta ɗauke, fanka ta tsaya. Goggo tana yi masa fifita. Mijina yana durƙushe a bakin ƙofa kamar kullum, ni ina bayansa a baranda da fulas na ruwan randarmu da na kawo daga Kalgo. Leɓen Baba duk ya tsattsage. Sai ya juyo da kansa daga bango, ya dubi mijina a fuska, ya ce, "Malam, ba ni ruwa."

Mijina ya rasa inda zai sa kansa. Ya karɓi fulas ɗin, ya zuba ragowar abin da likita ya yarda, bai kai rabin murfi ba. Ya tallafi kan Baba ya ba shi. Baba ya shanye a gabanmu duka, muna jin wucewarsa a maƙogwaro. Ya lumshe ido ya ce, "Ashe ruwan Kalgo da daɗi. Ƙaro man."

Mijina ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan farar rigarsa. Ya ce, "Baba, likita ya hana."

Baba ya ɗaga ido ya wuce mijina, ya nemo ni a bakin ƙofa, ya kira sunana. Sunana na yanka, wanda shi da kansa ya raɗa mini. Ban taɓa sanin yadda yake a bakinsa ba. Ya ce, "Ke ba ni."

Na shigo. Na karɓi fulas, na tsaya, ina duban mijina, shi yana duban ƙasa. Goggo ta ajiye mafici. Ta ce, "Mi kika jira? Wani mutum anka hana ma ruwa. Wanga ƙanena na. Ba shi."

Na cika murfin har baki. Na zauna a gefen gadon, na sa hannu a bayan wuyansa, ya sha a hankali, yana hutawa yana ƙarawa, idonsa a kaina. Mijina ne ya gyara masa matashi.

Bayan 'yan kwanaki ya rasu, aka kai shi Gwandu. Ranar sadakar uku ina zaune a tsakar gida cikin mata, kusa da bangon zaure, ina jin mazan da ke karɓar gaisuwa. Tsohon telan nan yana ba baƙi labarinsa. Ya ce irin su sun ƙare, ya ce tun suna yara suke tare, kuma ya rantse bai taɓa ganin ya kai ruwa bakinsa a gaban ɗan Adam ba. Zaure ya ɗauka da Allah Ya jiƙansa, ana ta jinjina kai.

Goggo ta dube ni, na dube ta. Ba mu gyara masa zancen ba. Na tashi na ɗebo ruwa a randa, na ba yarana, na tsaya a kansu sai da kowa ya shanye nasa.